Kwamitin tsaro na ƙaramar hukuma: me ya kamata kansila ya tambaya?

Zaman kwamitin tsaro a ƙaramar hukuma kusan ko'ina tafiyarsa ɗaya ce. Baturen 'yan sanda ya miƙe ya ce wannan wata an samu sauƙi, an kama mutum kaza, an gurfanar da kaza gaban kotu. Shugaba ya yaba, kansiloli su gyaɗa kai, wani ya roƙi a ƙaro motar sintiri, sakatare ya rubuta "za a duba", a watse. Wata mai zuwa a maimaita. Ba wanda ya tambayi a wane titi aka yi fashin, ƙarfe nawa, ko gidan da aka fasa shi ne dai wanda aka fasa makonni uku da suka wuce.

Uzurin da kansiloli kan kawo shi ne 'yan sanda ba a ƙarƙashinsu suke ba. Gaskiyarsu ne. A Najeriya sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya. A Ingila ma majalisar ƙaramar hukuma ba ta isa ta ce wa shugaban 'yan sanda ga wanda zai kama ba. Amma a buɗe jadawali na huɗu na wannan tsarin mulki na Najeriya a ga ayyukan da aka danƙa wa ƙananan hukumomi: fitilun kan titi, kasuwanni, tashoshin mota, raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, kwashe shara, kula da shaguna da rumfuna, lasisin sayar da barasa. Duk wanda ya karanta jerin nan da idon ɓarawo zai ga cewa sana'arsa kaf a cikinsa take. Duhu yake nema, da cunkoso, da lungun da ba shi da suna, da kangon da ba mai leƙawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan a hannun ƙaramar hukuma yake.

Turawan Ingila da Wales sun mayar da wannan magana doka a 1998. Dokar ta tilasta wa ƙaramar hukuma da 'yan sanda su zauna inuwa ɗaya su tsara yadda za a rage laifi, daga baya aka shigo da 'yan kwana-kwana, da hukumar lafiya, da masu kula da waɗanda aka yi wa ɗaurin talala. Sashe na 17 nata shi ya fi amfani a wurina: duk shawarar da ƙaramar hukuma za ta yanke, ko ta ba da izinin gini ce ko ta sauya wa motocin haya matsaya, sai ta duba me hakan zai haifar ta fuskar laifi. Ko inda babu irin wannan doka, majalisa na iya ɗora wa kanta. Layi ɗaya ne a ƙasan kowace takardar neman amincewa, kuma jami'in da ya kawo takardar shi zai cike shi.

Laifi yana da adireshi

Abu na farko da kwamiti zai sani shi ne laifi ba ya bazuwa daidai-wa-daida kamar yayyafi. A birnin Minneapolis na Amurka, Lawrence Sherman da abokan aikinsa sun bi kiraye-kirayen neman ɗauki sama da 300,000 da aka yi wa 'yan sanda cikin shekara guda, suka wallafa sakamakon a 1989: rabin kiran daga kashi 3 cikin 100 na wuraren birnin ya fito. David Weisburd ya bi birnin Seattle tsawon shekara 14, ya tarar kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na gutattakin tituna su ke ɗauke da rabin laifukan, kuma da yawansu su ne dai shekara da shekaru. Ke nan idan aka ce "unguwa kaza ta lalace", sau tari an zalunci unguwar. Mararraba biyu ne da bayan wata tasha.

Wannan ne ya sa roƙon motar sintiri bai cika burge ni ba. An gwada a Kansas City tsakanin 1972 da 1973: aka raba shiyyoyi 15 gida uku, wasu aka ninka musu sintirin mota, wasu aka bar su yadda suke, wasu aka janye sai in an kira. Ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani a yawan laifi ba, mutanen gari ma ba su lura an sauya komai ba. Yawon mota ba alƙibla ƙona mai ne. Abin da bincike ya nuna yana aiki shi ne tsayawa a ainihin wurin da abin ke faruwa na minti 10 zuwa 15, a lokutan da ba a iya hasashensu, a tafi a sake dawowa. Saboda haka kansilan da ya san aikinsa tambayarsa ita ce: "Yallaɓai, waɗanne wurare biyar ne suka fi ba ku wahala a wata ukun nan, kuma sau nawa aka tsaya a kowannensu?" Idan babu amsa, an gano aikin farko.

Aikin farkon kuwa ba ya buƙatar kwamfuta. A samu babbar taswirar yankin a manna a bango. Kowane laifi a rubuta masa abu biyar: irinsa, ainihin wurin, ranar mako, sa'a, da yadda aka yi shi. A ɗiga masa alama a taswira, kowane irin laifi da launinsa. A koma baya aƙalla wata 12, domin wata biyu ko uku ba sa nuna komai. Inda aikin ke cijewa shi ne wurin. "Kusa da kasuwa" ba wuri ba ne. Kasuwa tana da ƙofofi, kuma wataƙila ƙofa ɗaya ce ake ƙwacen waya a bakinta bayan faɗuwar rana. Titin da ba suna da gidan da ba lamba ba sa hawa taswira, mai kai ɗauki ma sai ya yi ta bulayi kafin ya same su. Shi ya sa aikin sa lamba, da ake gani kamar na masu karɓar haraji ne, yana cikin ayyukan tsaro mafi araha.

Littafin 'yan sanda kaɗai ba ya isa

Abin da ke rubuce a caji ofis shi ne abin da aka kai musu, kuma suka ga dama suka rubuta. A 2014 hukumar da ke binciken ayyukan 'yan sanda a Ingila da Wales ta gano kimanin kashi 19 cikin 100 na laifukan da jama'a suka kai rahoto ba a shigar da su rajista ba. Wannan fa inda ake da kwamfuta da masu bin diddigi ke nan. Dalilin ba boyayye ba ne: in dai da raguwar alƙaluma ake auna jami'i, to alƙaluma za su ragu, ko da fashi ya koma "ɓatan kaya" a takarda.

Maganin shi ne a samu ido na biyu da na uku. Na biyun asibiti ne. Jonathan Shepherd likitan tiyatar fuska da muƙamuƙi ne a birnin Cardiff na Wales, ya lura cewa da yawa daga cikin waɗanda yake ɗinkewa bayan an sare su ko an fasa musu baki, 'yan sanda ba su ma san an yi ba. Sai aka tsara cewa a sashen taimakon gaggawa a riƙa tambayar duk wanda aka ji wa ciwo: a ina, yaushe, da wane makami. A cire suna, a haɗa bayanan, a miƙa wa kwamitin da ya ƙunshi ƙaramar hukuma da 'yan sanda. Daga nan aka sauya hanyoyin sintiri, aka hana motoci bin wasu tituna da dare, aka sa wasu mashaya suka koma kofunan roba maimakon na gilashi. Nazarin da aka wallafa a 2011 ya nuna kwantar da mutane a asibiti saboda duka ko sara ya yi ƙasa da kimanin kashi 42 cikin 100 in an gwada da biranen da suka yi kama da Cardiff. Tambaya uku ce kawai a bakin magatakardan asibiti.

Rodrigo Guerrero, shi ma likita, da ya zama magajin garin Cali a Kolombiya a 1992, ya tarar 'yan sanda da masu binciken gawa da asibitoci kowa da nasa adadin na kisan kai. Sai ya sa su zama duk mako su daidaita lissafi. Da suka daidaita, sai ga shi kisan ya fi taruwa a ƙarshen mako, da ranakun biyan albashi da na bukukuwa, kuma da hannun barasa da bindiga a ciki. Aka taƙaita lokacin sayar da barasa, aka hana yawo da bindiga a irin waɗannan ranaku. Ba wanda zai yi tunanin wannan mataki da an tsaya ga jimillar shekara.

Ido na uku su ne mutanen gari da kansu. Sau ɗaya a shekara, a wata guda tsayayye, a bi gidaje 'yan ɗaruruwa da tambayoyi huɗu da ba sa canzawa: an yi maka sata ko an kai maka hari a wata 12 da suka wuce? Ka kai ƙara? In ba ka kai ba, me ya hana? Wane wuri ne ba ka yarda ka bi da dare? Kada a bar kansila ya zaɓi gidajen, domin na magoya bayansa zai nuna; a ɗauki kowane gida na goma a kan layi. Mata kuma mata 'yan uwansu su tambaye su, ba a gaban maigida ba, in ba haka ba duk abin da ke faruwa a cikin gida ba zai fito ba.

Samun alƙaluma daban, iya karanta su daban. A ce unguwa ɗaya an fasa gida 60, ɗayar 40. Kowa zai ce ta farko ta fi shiga uku. Amma in ta farko gida 6,000 gare ta, ta biyu 2,000, to a kowane gida 1,000 ta farko 10 aka fasa, ta biyu 20. Haka nan in fashi ya tashi daga 2 zuwa 4 aka ce ya ƙaru da kashi 100 cikin 100, ba a yi ƙarya ba, amma ba a faɗi komai ba. Ƙananan lambobi hawa da sauka suke yi da kansu. A gwada wata da takwaransa na bara, ba da wanda ya gabace shi ba, domin laifi ma yana da lokutansa a shekara. Adadin waɗanda aka kama kuwa ma'aunin gumin 'yan sanda ne, bai nuna mutane sun kwana lafiya ba. Akwai ma laifukan da ƙaruwar rahotonsu abin murna ne. In ƙarar fyaɗe ko ta dukan mata ta ƙaru bayan an buɗe wurin kai koke na sirri, mai yiwuwa mutane ne suka fara yarda da hukuma.

Daga taswira zuwa aiki

Kwamitin da ya ɗauki matsala goma sha biyar a shekara ba zai gama ko ɗaya ba. Uku sun isa, kuma kowacce a faɗe ta a ƙuntace. "Shaye-shaye" ko "rashin tarbiyya" ba wanda zai iya kama bakin zarensu. "Ƙwacen waya a ƙofar tasha ta yamma tsakanin 7 da 10 na dare" kuwa ana iya zuwa wurin a tsaya a duba. Kuma a je ɗin, a daidai wannan lokaci, da injiniyan ayyuka da shugaban tasha da ɗan sandan yankin. A nan za a ga cewa fitilu uku sun mutu, rumfunan da aka kafa ba izini sun matse hanya har mutane na gogayya da juna, ga kuma wani tsukin lungu da ke ɓullewa bayan gari inda mai ƙwace ke sulalewa. Abu uku, kuma ba ko ɗaya da ke buƙatar ɗan sanda.

Duk abin da aka yanke ya shiga rajista mai gida shida: matsalar, wurin, aikin da za a yi, sunan mutum ɗaya da zai yi, ranar gamawa, da abin da za a auna. Mutum ɗaya na ce. In aka rubuta "sashen ayyuka tare da haɗin gwiwar 'yan sanda", an binne maganar, kowa zai ce ɗayan yake jira. Kowane zama da wannan rajista za a buɗe shi, kafin jawabin kowa.

Fitila ce aka fi yawan saye, kuma tana aiki. A 2016 an yi gwaji a rukunin gidajen gwamnati na New York, aka zaɓi wasu da ƙuri'a aka kafa musu manyan fitilu, manyan laifukan da ake yi a waje da dare suka ragu da kusan kashi 36 cikin 100. Amma fitila ranar ƙaddamarwa take da farin jini. Mai amfani da hasken rana batirinta yana da wa'adi, wani shekara biyu zuwa uku ya gaji, faifanta ƙura na rufe shi, ɓarayi kuma na son batirin in an sa shi inda hannu ke kaiwa. Kwangilar da ba ta ƙunshi gyara ba, duhu aka saya a kan bashi. A sa wa kowane turke lamba, a riƙa ƙirga masu ci da dare sau ɗaya a wata, adadin ya zo gaban kwamiti. Tazarar da ke tsakanin turke da turke kada ta wuce kamar ninki uku na tsawonsa. In ta yi nisa sai a samu tafkin haske da tafkin duhu, mai tafiya ya fito fili, mai laɓe ya samu mafaka. Reshen bishiyar da ya rufe kan fitila ma a sare shi.

Kango da fili marar mai kula su ma haka. A Philadelphia an yi gwaji a kan filaye 541: wasu aka kwashe sharar, aka shuka ciyawa, aka kewaye da gajeren shingen katako, ana dawowa ana gyarawa. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna harbe-harbe sun ragu da kashi 29 cikin 100 a kewayen filayen da ke unguwannin talakawa. Shingen ko yaro zai tsallake shi. Aikinsa kawai ya nuna akwai mai wurin.

Kyamarar tsaro ita ce abin son 'yan kwangila. Nazarce-nazarce sun nuna ta fi amfani a wuraren ajiye motoci, tasirinta a kan faɗa da sara kaɗan ne, kuma sai in akwai mai kallo da zai iya tura ɗauki nan take. Kafin a amince da ita a tambaya: wa zai zauna gabanta da dare, kwana nawa hoton ke zama kafin ya goge, wa ke da izinin gani, me zai faru in an ɗauke wuta.

Abin da aka fi mantawa shi ne wanda aka taɓa yi wa sata. Gidan da aka fasa ya fi maƙwabtansa haɗarin a sake fasa shi, musamman a makonnin farko, domin ɓarawo ya san hanya, ya kuma san za a sayo sabon kaya. A rukunin gidajen Kirkholt da ke Rochdale a Ingila, a ƙarshen shekarun 1980, an mayar da hankali kan waɗannan gidaje: a gyara ƙofa da taga da wuri, a roƙi maƙwabta shida ko bakwai mafi kusa su sa ido, aka kuma cire mitocin wuta da na gas masu cin tsabar kuɗi, waɗanda su ɓarayin ke bi. Fasa gidaje ya ragu da kusan kashi 75 cikin 100 cikin shekara uku. Tambayar da ta fito daga nan gajeriya ce: cikin gidajen da aka fasa bana, nawa ne karo na biyu ke nan, kuma kwana nawa aka ɗauka kafin wani ya koma ya duba ƙofarsu?

Za a samu mai cewa ai korar masu laifin kawai aka yi, sun koma gaba. Yakan faru, amma ba kullum ba, kuma sau da yawa ma titunan da ke kusa sukan ci arzikin gyaran. Ba sai an yi musu ba: a auna wurin da aka yi aikin, a auna tituna biyu ko uku da ke kewaye da shi, a auna wani wuri mai kama da shi da ba a taɓa ba. In duka ukun sun ragu daidai, ba aikin kwamiti ba ne ya rage su.

'Yan sintiri, da wa ke binciken wa

Inda 'yan sanda suka yi ƙaranci, 'yan sintiri na unguwa ke cike giɓin, kuma a nan ne sa idon ƙaramar hukuma ya fi zama dole. Kowane ɗan sintiri ya zama yana cikin rajista da hotonsa da masu tsaya masa. A rubuta iyakarsa: ya kama ya miƙa wa 'yan sanda nan take, ba tsarewa, ba duka, ba yanke tara. Alawus ya tafi kai tsaye ga kowane mutum bisa jerin suna, kada a danƙa wa shugabansu dunƙule. A samar da wurin kai ƙararsu wanda ba ofishinsu ba. 'Yan Bakassi, wata ƙungiyar 'yan sintiri, sun faro ne a Aba a ƙarshen shekarun 1990 da goyon bayan 'yan kasuwar da fashi ya ishe su, gwamnatin Anambra ta rungume su a 2000, kafin 2002 zarge-zargen kisan gilla da zama karnukan farautar 'yan siyasa sun yi yawa har gwamnatin tarayya ta tura aka tarwatsa su. Alamar farko a ko'ina ita ce ranar da aka ga 'yan sintiri suna rakiyar ɗan takara.

Sai tsarin kwamitin kansa. Masu aiwatarwa ba sa binciken kansu. Dokar 2006 ta Ingila da Wales ta ware wani kwamiti na kansilolin da ba sa cikin masu zartarwa, aikinsa ya gayyaci 'yan sanda da sauran hukumomin da aka ɗora wa rage laifi ya yi musu tambayoyi. Ƙa'idojin 2009 suka ce ya zauna aƙalla sau ɗaya a wata 12, kuma in ya ba da shawara a mayar masa da amsa a rubuce cikin kwana 28. Sau ɗaya a shekara ya yi kaɗan ƙwarai. Masu aiki su haɗu duk wata, masu bincike duk wata uku, kuma takardu su isa hannun kansiloli mako guda kafin zama. Rahoton da aka raba a bakin ƙofa ba za a yi masa tambaya ba.

Zaman ya kasu biyu. Na fili, inda jama'a da 'yan jarida za su ji alƙaluma da wurare da abin da aka kashe. Na sirri, mai mutane kaɗan da suka sa hannu kan riƙe amana, inda za a iya ambaton suna. Ƙa'idojin Ingila ma cewa suka yi bayanan da za a ba kwamitin bincike a cire musu suna sai in ba makawa. Inda aka haɗe biyun, aka ambaci wanda ya tsegunta maɓoyar 'yan daba a ɗakin da mutum talatin ke zaune, kafin dare labari ya isa kunnen waɗanda aka tona. Mutumin ya kwana a asibiti ko ya bar unguwa, maƙwabta su ga abin da ya same shi su kama bakinsu, rahoto ya daina zuwa caji ofis. A zama na gaba baturen 'yan sanda ya miƙe ya ce wannan wata an samu sauƙi.